Habrobracon hebetor: yadda ƙwayoyin gado ke tsara mace da namiji

Habrobracon hebetor ƙaramin ƙwaro ne daga dangin rina da zanzaro. Macen tana harbin tsutsa ta shanye mata jiki, ta saka ƙwai a kanta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. A Nijar, cibiyar INRAN ta Maraɗi tana kiwonsa, ana sakinsa a gonaki domin yaƙi da murzuna, tsutsar da ke ɓarnar zangarniyar hatsi.

Ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba namiji yake zama, da gadon uwa kaɗai. Wanda ya haɗu da maniyyi yakan zama mace, amma da sharaɗi. A 1943, masanin Amurka P. W. Whiting ya nuna cewa sai ƙwayar gadon jinsi da ta zo daga uwa ta bambanta da ta uba. Idan iri ɗaya ne, namiji ne ke fitowa, kuma galibi yakan mutu tun yana ƙwai ko ya kasa haihuwa. Daga nan saƙon ke isa ga wata ƙwayar gado mai suna doublesex, wadda ke sa gaɓoɓin jiki su ɗauki sifar mace ko ta namiji.

Wannan ya shafi manomi kai tsaye, domin mace kaɗai ke kashe tsutsa. Idan dangi ɗaya suka yi ta barbara a ɗakin kiwo, mata na raguwa. Shi ya sa sabunta iri da ƙwarin daji yake da amfani.