Anka da Ƙasashen Arewa Masu Nisa

Garin Anka, inda Sarkin Zamfara ya ke zaune, yana cikin ƙasa mai albarkar noma. Gulbin Zamfara ya ratsa ta, ya bi ta Gummi, ya je ya faɗa Gulbin Sakkwato. In damina ta yi kyau ruwan da a kan samu a shekara ya kan wuce inci 30, gero da dawa da auduga su yi yadda a ke so. Amma akwai abu guda wanda ƙasan nan ba ta da shi, watau gishiri, kuma ba miyar da za ta yi daɗi, ba garken da zai yi ƙiba, sai da shi. Wannan shi ya ɗaure Zamfara da ƙasashen arewa masu nisa shekaru aru-aru.

In mutum ya tashi daga Anka ya nufi arewa, ya wuce Gobir, sai ya ga itatuwa suna raguwa, gonaki suna ƙarewa, har ya isa Azbin. Ƙasa ce ta duwatsu baƙaƙe, Dutsen Bagzan ma tsawonsa ya fi ƙafa 6,000. Ruwan sama kaɗan ne. A Agadas, babban birninsu, da ƙyar ya kan kai inci 6 a shekara. Da bazara rana ta yi zafi ƙwarai da gaske, da hunturu kuwa a bisa duwatsu wani dare ruwa ya kan daskare a ƙwarya. Ba a noman damina sai kaɗan. A cikin ƙoramu ne a ke haƙa rijiyoyi, a ɗaura wa sa ko raƙumi guga yana ja, a yi lambun alkama da albasa da dabino. An kafa sarautar Azbin wajen 1405, daga baya aka komo da ita Agadas, inda hasumiyar masallacin nan ta ƙasa, mai tsawon kusan ƙafa 90, ta ke tsaye har yau. Gobirawa kansu suna cewa daga Azbin kakanninsu suka fito.

Gabas da Azbin sai Tenere, rairayi zalla, ba ciyawa ba inuwa. A tsakiyarta ne Fachi ta ke, Balma kuwa tana bayanta, wajen mil 350 daga Agadas. Ruwan saman Balma bai kan cika inci guda ba a shekara, wata shekarar ma ko ɗigo. Sai dai Allah ya ba su ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kusa-kusa, mai gishiri. Mutanen wurin, Barebari da Tubawa, su kan haƙa ramuka, ruwa ya tsattsafo, rana ta ƙafe shi, gishiri ya kwanta. Mai kyaun, fari, shi a ke kira beza, na miya. Sauran a cuɗa shi da ƙasa, a zuba a cikin mazubi na gungumen dabino, ya fito kantu, wanda a ke ba dabbobi. Rashin ruwan nan da ya hana su noma shi ne kuma ya ke tsare musu dukiya, gama da a ce ana ruwa a Balma irin na Zamfara, da kantu ya narke tun ba a ɗora wa raƙumi ba.

To, gishiri da dabino ba sa riƙe ciki. Kowace ƙwayar gero da Balma ta ci sai an ɗauko ta daga kudu. Saboda haka a da, kowace shekara, da kaka, Azbinawa su kan haɗa ayari na dubban raƙuma, su ɗauki gero da tufafi, har da ciyawar da raƙuman za su ci zuwa da komowa, madugu yana gaba yana duban taurari. In ayari ya kuskure rijiya, to, ba mai ba da labari. Da sun komo da gishiri sai su gangara ƙasar Hausa su yi rani, raƙuma suna kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki. Kel Owi su suka fi zuwa Damagaram da Kano. Barth ya biyo ayarinsu daga Azbin a ƙarshen 1850. Kel Geres kuwa, waɗanda suka bar Azbin suka zauna tsakanin Adar da Gobir, su ne suka riƙa kai wa kasuwannin yamma, wajen Sakkwato da Zamfara.

Ba kullum a ke zaman lafiya ba. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, Azbinawa suka zama maƙwabtan Zamfara ƙofa da ƙofa, har aka gwabza yaƙi tsakaninsu ba da daɗewa ba. A zamanin nan fadar Zamfara tana Birnin Zamfara ne, kusa da Isa ta yanzu, a bakin hanyar arewa sosai. Da Babari Sarkin Gobir ya ci birnin wajen 1764, sarakunan suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har suka tsaya a Anka a farkon ƙarni na 19. Asarar ba ta ganuwa ba ce kaɗai. Sun bar hanyar ayari a hannun Gobir, daga baya ta koma hannun Sakkwato, gishiri ya zama sai ya bi ta kasuwar wani kafin ya iso Anka.

Faransawa suka zauna Agadas a 1906. A ƙarshen 1916 Kawusan ya kewaye su a can har wata uku, da aka kore shi sai ramuwar gayya ta ci mutane da raƙuma masu yawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙaura Namoda a 1929, yana kawo gishirin Turai daga bakin teku, fari fat, a buhu. Matan gida suka koma gare shi, makiyaya ne suka riƙe kantu, don sun ce ya fi wa shanu amfani. Farin 1973 ya kuma halaka raƙuman Azbin, a daidai lokacin da samarin ƙasar suka fara tafiya aikin haƙar yuraniyam a Arlit, wanda aka buɗe a 1971.