Na'urar ɗaukar hoton eksire mai tsananin sauri: yadda take aiki da amfaninta

Mazaunin Ƙofar Guga a birnin Katsina da likita ya tura ɗaukar hoton ƙirji ya san aikin eksire: a tsaya cik, a riƙe numfashi, hoto ɗaya ya wadatar. Wannan hasken, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, shi ne masana ke amfani da shi a yau don ganin tsarin ƙwayoyin zarra a cikin furotin, sinadarin da ake gina jikin masu rai da shi. Sai dai su hoto ɗaya ba ya isar su. Suna buƙatar na'urar da za ta ɗauki dubban hotuna a daƙiƙa guda.

Inda hasken ke fitowa

Ana samar da hasken ne a wata doguwar masana'antar bincike da ake kira lesar eksire. Ana ingiza ƙwayoyin lantarki har gudunsu ya kusa kai na haske, sannan a bi da su tsakanin jerin maganaɗisu, su riƙa fitar da walƙiya mai ƙarfi. Ta farko mai irin wannan ƙarfin ita ce LCLS a Kalifoniya ta Amurka, wadda ta fara aiki a 2009, daga baya kuma ta kai walƙiya 120 a daƙiƙa. Ta Turai, European XFEL, an buɗe ta a 2017 a yankin Hambug na Jamus. Tsawonta kilomita 3.4, tana kuma iya fitar da walƙiya 27,000 a daƙiƙa.

Me ya sa ake buƙatar sauri?

Kowace walƙiya takan tarwatsa abin da ta haska. Amma da yake tsawonta bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na daƙiƙa ba, hasken yakan wuce ya bar zanensa kafin abin ya watse. Saboda haka kowane samfuri hoto ɗaya yake bayarwa, kuma sai an tara hotuna masu yawan gaske kafin kwamfuta ta harhaɗa siffar. Walƙiyar da na'ura ba ta kama ba ta tafi a banza.

A Hambug walƙiyar tana zuwa ne garke-garke, sau 10 a daƙiƙa, kowane garke har 2,700. Tazarar da ke tsakanin biyu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, domin haske kansa ba ya wuce mita 66 a cikinta.

Dabarun na'urar

Ɗaya daga cikin na'urorin da aka ƙera don wannan aiki ita ce AGIPD, wadda cibiyar DESY ta Jamus ta jagoranci haɗa ta. Fuskarta ta silikon ce, mai ɗigo kusan miliyan ɗaya. Tunda babu lokacin aika hoto zuwa kwamfuta tsakanin walƙiya da walƙiya, kowane ɗigo yana da rumbunsa mai ajiye hoto 352. Sai garke ya wuce ake kwashe su, wato hoto 3,520 a daƙiƙa.

Matsala ta biyu ita ce bambancin ƙarfin haske. Wani ɗigo ƙwayar haske ɗaya tak yake samu, maƙwabcinsa kuwa dubu goma. Don haka kowane ɗigo yana da ma'auni uku, yana sauyawa da kansa, kamar mai jan ruwa da zai ajiye ƙaramin guga ya ɗauki babba idan ruwan ya yi yawa.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

A ƙarshen 2012 masana daga Jamus da Amurka suka wallafa siffar wani furotin na ƙwayar cutar Trypanosoma brucei, bayan sun harhaɗa hotuna fiye da dubu ɗari a LCLS. Dangin wannan ƙwayar, da ƙudan tsando ke yaɗawa, su ke jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. A 2018 kuma aka yi amfani da AGIPD wajen gano siffar wani furotin da ke sa wasu ƙwayoyin cuta su bijire wa magungunan dangin fenisilin.

Sanin siffar furotin ba magani ba ne, amma yana nuna wa masu haɗa magani gurbin da za su toshe, kamar yadda maƙeri ke duba kwaɗo kafin ya ƙera mabuɗi.

Har yanzu babu irin wannan masana'anta a Afirka. Masanan nahiyar sun yi taro a birnin Grenoble na Faransa a 2015 don neman kafa babbar cibiyar hasken eksire tasu. Kafin hakan ya tabbata, mai bincike daga Katsina ko Zariya sai ya nemi gurbin gwaji a ƙetare, inda ake tantance masu nema bisa ingancin aikin da suka gabatar.