Farin Wata da Hasken Wata: Nazarin Ma'ana da Muhallin Amfani

Mai bibiyar rubutun Hausa na 'yan shekarun nan, musamman labaran da ake fassarowa daga wasu harsuna da ƙagaggun labaran matasa, zai lura cewa "hasken wata" yana ta cin iyakar "farin wata". Inda dattijo zai ce an yi tafiyar da farin wata, sai ka karanta cewa an yi ta "a ƙarƙashin hasken wata". Da'awar wannan maƙala ita ce furucin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. Hasken wata sunan abin da ke fitowa daga wata ne, farin wata kuwa sunan halin da dare yake ciki ne, da lokacin da hakan ke faruwa, da abin da jama'a ke yi a cikinsa.

Sai mu fara da ita kanta kalmar "wata". Namiji ce a nahawu duk da ta ƙare da wasalin "a", kamar gida da ruwa da suna, shi ya sa ake cewa wata ya fito, rana kuwa ta fito. Karin sauti ne ke raba ta da "wata" ta jinsin mace, abokiyar "wani". Tana ɗauke da ma'ana biyu, abin da ke sama da kuma kwanakin da yake ƙirgawa, kuma Hausa ta ba ta aikatau nata na musamman: wata yakan tsaya, yakan kwana, yakan fito, yakan faɗi. Idan aka ce wata ya kwana goma, an faɗi kwanan wata kuma an faɗi irin daren da za a yi, duk a numfashi ɗaya.

Ginin "farin wata" yana karɓar fashin baƙi iri biyu. Ana iya ɗaukar "fari" a matsayin sifa, kamar a farin doki, ma'anar ta zama wata mai launin fari. Ana kuma iya ɗaukarsa a matsayin suna, wato farin da wata ke bayarwa, kamar yadda ake cewa sanyin ruwa ko zafin wuta. Da wata mace ce, da nahawu ya raba gardama, domin sifa za ta ba da "farar", suna kuma ya ba da "farin". Tunda namiji ne, siffofin biyu sun haɗu. A nawa nazarin fashin baƙi na biyu ya fi ƙarfi, kuma hujjata tana cikin yadda ake amfani da furucin. Mai cewa ana farin wata ba sama yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, tsakar gida da dandali da hanyar da ta fito sarai a gabansa.

Hanya mafi sauƙi ta gwada bambancin ita ce a duba kalmomin da kowanne ke tafiya da su. Hausa tana bayyana yanayi da "ana": ana ruwa, ana sanyi, ana hazo, ana iska. A wannan sahu "ana farin wata" yake zaune daram. Haka nan tana bayyana lokaci da "da": da hantsi, da almuru, da damina, kuma "da farin wata muka taso" yana shiga nan ba tare da wata tangarɗa ba. Hasken wata kuwa danginsa daban ne. Ɗan'uwan hasken fitila ne da hasken wuta da hasken tocila. Yana shigowa ta taga, yana sauka a kan bango, gajimare yana tare shi, ana iya auna yawansa. Kowane abu mai haskakawa yana da "haskensa", amma ba a cewa farin fitila ko farin tocila da wannan ma'ana, komai ƙarfin fitilar. Wata kaɗai Hausa ta keɓe wa wannan furuci, kuma harshe ba ya keɓe wa abu suna sai idan masu harshen suna da hulɗa ta musamman da shi.

Ilimin taurari yana ƙara fito da wannan bambanci. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani kusan kwana 29 ne da rabi. A daren da aka ga jinjirin wata, wanda a Nijeriya fadar Sarkin Musulmi ke tabbatar da ganinsa domin azumi da salla, akwai hasken wata, tunda da shi aka gan shi. Amma ba wanda zai ce ana farin wata a wannan dare, don jinjirin ba ya daɗewa zai faɗi bayan magariba, ya bar gari cikin duhu. Ko a kwana bakwai, lokacin da rabin fuskarsa ke haskakawa, abin da ke isowa ƙasa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na hasken cikakken wata ba. Daga nan ne yake ƙaruwa da sauri har daren goma sha huɗu. Bayan cikarsa kuma sai wani abu ya shigo: fitowarsa tana jinkiri da kimanin minti 50 kowane dare. Zuwa kwana ashirin har yanzu wata yana da girma da haske, sai dai ba ya fitowa sai dare ya yi nisa, yara sun yi barci, dandali ya watse. Masanin taurari zai ce akwai hasken wata a daren, kuma ya yi gaskiya. Uwar da 'yarta ke neman izinin fita gaɗa bayan lisha za ta ce farin wata ya wuce, ita ma ta yi gaskiya.

Wannan ne ya sa nake ganin farin wata kalma ce ta zamantakewa kafin ta zama ta sararin samaniya. A ƙauyukan ƙasar Hausa da cikin tsofaffin birane, kafin zuwan lantarki, waɗannan darare na tsakiyar wata su ne na gaɗa da langa da hira a ƙofar gida, musamman da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Tashe ma a goma ga watan azumi ake fara shi. Akwai dalilai na al'ada da ake bayarwa kan zaɓen wannan lokaci, amma ba za a manta da cewa a goma ga kowane watan Musulunci ne gari ke da hasken da yaro zai iya bi lungu-lungu bayan shan ruwa ba tare da fitila ba.

To me ya sa "fari"? Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma abin da yake mayarwa bai wuce kusan kashi 12 cikin 100 na wanda ya sauka a kansa ba. Hasken rana ya ninka na cikakken wata kusan sau 400,000. A irin wannan ƙarancin haske, ƙwayoyin idon da ke rarrabe launuka ba sa aiki sosai, sai waɗanda ke gani a duhu su karɓi aikin, su kuwa ba su san ja ko kore ba. Shi ya sa jan bango da koren ganye da rawayar ƙasa duk sukan koma fari-fari da toka-toka da baƙi. Bahaushen da ya kira wannan yanayi fari ya faɗi ainihin abin da ido ke gani. Ga shi kuma "fari" a Hausa yana tafe da alheri, kamar a farin ciki da farin jini, don haka furucin yana da ɗumi tun daga gininsa. Larabci ma ya kira ranakun 13 da 14 da 15 na wata da sunan fari, waɗanda ake son yin azumin nafila a cikinsu, saboda farin dararensu. Ba na ganin akwai buƙatar a ce wani ya ara daga wani. Ido ɗaya ne, abin da ya gani kuma ɗaya ne.

Amsa-kama suna daidaita ƙarfin wannan haske daki-daki. Idan ya cika, gari ya yi haske tar ko tarwai, farin wata ƙal kamar rana. Idan hazon hunturu ya rufe sama, ana ganin wata amma dishi-dishi. Idan babu shi sam, duhu ne dunɗum. Abin lura kuma shi ne kalmomin hasken da ba a ba wa wata. Walƙiya ta hadari ce, tartsatsi na wuta ne. Ƙyalli da sheƙi kuwa na abin da hasken ya sauka a kansa ne, kamar ruwan tafki ko kwanon rufi. Marubucin da ya ce wata yana walƙiya ya ba shi motsi da kaifin da ba shi da su.

Akwai kalma ta uku da ta shigo ta hanyar karatu, wato annuri, daga Larabci. Alƙur'ani mai girma ya keɓe wa wata wannan asali na nuri a Suratu Yunus da Suratu Nuhu, ya ba rana wasu kalmomi daban, kuma malaman tafsiri sun yi dogon bayani a kan wannan rarrabewa. Sai dai da kalmar ta zauna a bakin Hausawa, ba tsakar gida ta nufa ba. Fuskar mutumin kirki ta nufa, da yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sunaye irin su Nura da Munira. Ba za ka ji an ce yara sun fita wasa da annuri ba. A wajen yabon kyau kuwa wata da kansa ake kirawowa, a ce kamar wata daren goma sha huɗu, ko a yi kirari da farin wata sha kallo. A wannan kirari kaɗai ne fashin baƙi na farko ke samun gindin zama, domin a nan watan ake kallo.

Husufi ma shaida ne. Idan inuwar duniya ta rufe wata ya koma ja-ja, Bahaushe yakan ce wata ya yi zazzaɓi. Rasa farin ne aka ɗauka a matsayin rashin lafiya.

Wani zai ce harshe rayayye ne, kuma yaron da ya tashi a Kano ko Maraɗi tsakanin fitilun titi da janareta, wanda "ƙarshen wata" a wurinsa ranar albashi ce ba daren duhu ba, ba shi da buƙatar wannan rarrabewa. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ta kai ga yanke hukunci ba. Miliyoyin masu magana da Hausa har yau suna zaune a inda babu lantarki ko yake zuwa jefi-jefi, kuma farin wata yana nan cikin lissafinsu na tafiya da biki da tsaron dabbobi. Sannan yawancin sauyin da muke gani a rubuce daga fassarar kalma da kalma ya fito, ba daga bakin jama'a ba. Mai fassara ya ga "wata" ya ga "haske" a harshen da yake ɗaukowa, sai ya jera su ya wuce.

Ƙamusoshinmu, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, an tsara su ne bisa kalma ɗaya-ɗaya, don haka irin wannan furuci mai kalma biyu yakan fake a ƙarƙashin wata kalmar, ba tare da isasshen fili na nuna muhallinsa ba. Kirana ga sassan nazarin Hausa a jami'o'inmu shi ne su tura ɗalibai su tattaro yadda manoma da makiyaya da masunta da tsofaffin mata ke kiran matakan wata da haskensa, daga Sakkwato zuwa Damagaram zuwa Zazzau, a rubuta kowane furuci tare da jimlar da aka ji shi a ciki. Malamin kimiyya ya ci gaba da cewa hasken wata idan yana bayanin yadda wata ke mayar da hasken rana, don nan ne muhallinsa. Marubucin labari da mai fassara kuwa, idan daren suke nufi da mutanen da ke cikinsa, su rubuta farin wata.