Gigin tsufa: shekara ɗari ana neman maganinsa

Ranar da gwaggona ta dube ni ta ce, "Yaro, ɗan wane ne kai?" na fita zaure na yi hawaye, don ita ta goye ni. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce jifa ne. Abin da ya sa na shiga bin tarihin wannan cuta ke nan.

A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta yi shekaru cikin ruɗewa: wani abu ya taru ya dunƙule tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sai a 1984 aka gano furotin ɗin da ke dunƙulewar, wanda ake kira amiloyid.

Daga nan masana suka fara tunanin tura masa sojojin garkuwar jiki su share shi. A 1999 Dale Schenk ya yi wa ɓeraye allurar rigakafi, dunƙulen ya ragu. Da aka gwada a jikin mutane, wajen 6 cikin 100 suka samu kumburin ƙwaƙwalwa, dole aka tsayar da gwajin a 2002. Mu da muka san sanƙarau ba sai an gaya mana haɗarin wannan ba.

Sai aka sake dabara: a haɗa sojojin a ɗakin bincike, a sa wa majinyaci ta jijiya. Shekaru aka yi ana gwadawa ana faɗuwa. Aducanumab ya samu izini a Amurka a 2021 cikin gardama mai zafi, kamfaninsa kuma ya daina shi a 2024. Lecanemab ne ya ɗan kawo haske a 2023. A gwajin mutum 1,795, ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin 100 a wata 18.

Amma fa ba ya warkarwa, kuma masu farkon cutar kawai ake ba. Ana ƙarin ruwansa kowane mako biyu, ana ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa saboda yana iya jawo kumburi ko zubar jini. Kuɗinsa a Amurka dala 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 15 na sefa.

Gwaggo ta rasu ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, ciwo ne a ƙwaƙwalwa kamar kowane ciwo. Malamai da iyaye, mu faɗa wa ƴaƴanmu haka, don su daina yi wa tsohuwar da ta ɓata hanya ihu ko kiranta mayya. In tsohonku ya fara yawan mantuwa, ku kai shi likita ya duba, ku riƙe shi da haƙuri. Allah ya jiƙan magabatanmu.