Tarihin Lambun Bayan Gida A Zamanmu Na Lafiya

Tunda ga shi bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mun ga ya kyautu mu tuna wa juna wani abu da iyayenmu suka riƙe, mu kuwa muna neman sakinsa, wato ɗan lambun nan na bayan gida.

Kowa ya san Lafiya garin Barebari ne. Muhammadu Dunama ya kafa sarautarta a ƙarshen ƙarni na 18, a tsakanin Alago da Gwandara da Eggon da Migili. Mu kasuwa ta kawo mu. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta bunƙasa ƙwarai, aka buɗe hanyar fatake zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kamar kilomita 90. Ga kuma gishirin Keana da na Awe da ke jawo ayari. Daga baya jirgin ƙasa ya ratso ta nan, aka haɗa layin Fatakwal da Kaduna a 1927, aka gama gadar Makurdi a 1932. To, daga nan fa sai Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa da Sakkwatawa suka yi ta sauka, masu sayen riɗi da doya, da mahauta, da 'yan koli, da malaman allo.

Falke da ya zo cin rani ba ya shuka komai, don ya san kafin ta nuna ya kama hanya. Amma ranar da mutum ya aika aka kawo masa iyali, ya kewaye gida da danga, sai ka ga ya kafa sandan zogale a jikin dangar, uwargida kuma ta kwance ƙullin iri daga bakin zanenta: kuɓewa, rama, yakuwa, alayyahu, kabewa. Wannan ita ce shaidar cewa baƙo ya zama ɗan gari. Dalilin kuwa a fili yake. Ƙasar doya muka zo, amma bakinmu na tuwo ne, tuwo kuma sai da miyar da aka saba. Abin da kasuwa ba ta da shi, sai a nema a bayan ɗaki.

In mun duba sunayen kayan lambun kansu, za mu ga su ma matafiya ne kamarmu. Kuɓewa da yakuwa da karkashi, wanda masu masaukinmu Barebari suka fi kowa iya miyarsa, 'yan asalin Afirka ne. Albasa da lemo sunansu daga Larabci yake. Zogale daga Indiya ya fito, shi ya sa wasu tsofaffi ke ce masa bagaruwar Makka, don sun san ta gabas ya ɓullo. Barkono da tumatir da gwanda da rogo da masara duk daga nahiyar Amurka suke, ba su iso mana ba sai bayan da jiragen Turawan Fotugal suka fara zirga-zirga tsakanin can da gaɓar tekunmu. Karas da kabeji da latas kuwa, sunan ma ya tona asirinsu, na zamanin Ingilishi ne. A Jos suka fi kama ƙasa, inda 'yan'uwanmu masu noman rani suka mai da kududdufan da haƙar kuza ta bari wurin ban-ruwa. Har darbejiya, da muke jiƙa ganyenta mu yayyafa wa shuka don korar ƙwari, sai a 1928 aka fara dasa ta a Barno.

Sai dai ƙasar Lafiya ta koya wa iyayenmu darasi. A Kano ruwa ba ya zama sosai sai watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba. A nan kuwa tun Afrilu ake shuka, ana ruwa har Oktoba. Suka ga rama da alayyahu suna yi har sau biyu ko uku a damina guda, amma albasa ba ta son yawan laima, tumatir ma ruɓewa yake in ruwa ya yi ƙarfi. Saboda haka suka bar waɗannan sai rani, a fangali kusa da rijiya ko a bakin rafin Amba, ana ja da guga. Suka kuma koyi tada kunya mai tsawo daga maƙwabta manoman doya, don kada ruwa ya kwanta a gindin shuka. Ta kan danga aka yi musayar iri: mu ba da zogale da rama, a ba mu shuwaka da gwaza da ganyen ugu. Zumunci mai yawa tsakaninmu da mutanen ƙasa daga nan ya faro.

Batun furanni kuwa, gaskiya iyayenmu ba su cika shuka abu don kallo kawai ba. Furen kallo a gidajen Turawa da harabar makarantu da ofisoshi aka fara ganinsa. Namu furen shi ne na lalle, mai cika tsakar gida da ƙamshi da yamma, ganyensa kuma na ƙunshin amare, sai ɗoɗɗoya mai korar sauro, da na'ana'a ta shayi. Ado da amfani a tukunya guda.

Gwamnatoci ma sun sha tunawa da lambun gida, amma sai in abinci ya yi tsada. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne. A 1977 aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Lafiya da rancen Bankin Duniya. A farkon shekarun 1990 shirin fadama ya zo, injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo. A 2024 ma uwargidan Shugaban Ƙasa ta sa gasar lambu a kowane gida.

To, me ya ci lambun namu? Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya cire Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama hedkwata. Alheri ne babba, mu 'yan kasuwa mun fi kowa shaidawa. Amma ma'aikata suka cika gari, fili ya yi daraja, inda kabewa ke yaɗo aka yi ɗakin haya, inda zogale yake aka fasa shago, tsakar gida aka malale ta da siminti. Muka koma jiran motar tumatir daga Kadawa da ta albasa daga Aliero. Da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir na Arewa a 2016, mun ji a jikinmu. Da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwando, har cefanen miya ya zama abin lissafi a gidajen da ba su taɓa lissafa shi ba. Abin da ya fi wannan ciwo, yaranmu da yawa ba su iya bambanta tsiron rama da na yakuwa ba.

Ba mu ce a rushe shago ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti ya isa: a huda gindinsa, a cika da ƙasa gauraye da busasshen kashin awaki ko na kaji wanda ya huce, a sa inda rana ke samu, kusa da wurin alwala don ruwan kada ya tafi a banza. Alayyahu wata guda ya isa yanka, kuɓewa wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, zogale kuwa reshe kawai za a kafa. A barbaɗa toka saboda ƙwari, a kare da kara saboda akuya. A bai wa yara aikin ban-ruwa kafin su tafi Islamiyya. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk abin da mutum ya shuka, wani ya ci, ko tsuntsu ne, ladan sadaka gare shi.

Muna roƙon iyayenmu mata da har yanzu suke da ƙullin tsohon iri, su taimaka su kawo wurin taronmu na gaba a raba, tun kafin ruwa ya zauna. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Lafiya lafiya, amin.