Kufai da Tafkin Gishiri: Darasin Yini Guda a Fayum



Tafiyar da zan tsara muku yau ta yini guda ce, daga Alƙahira zuwa Fayum, wani kwari mai albarka da ke cikin hamada, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da birnin. Mai niyyar zuwa sai ya zaɓi lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya tashi da asuba, ya tanadi ruwan sha wadatacce, da motar da ke iya keta rairayi, da ɗan jagora, domin daga wani wuri kwalta takan ƙare. Abin da nake so mu fahimta shi ne, kufan da za mu gani da tafkin gishirin da za mu ƙare a bakinsa labarinsu ɗaya ne, wato labarin ruwa da masu riƙon sa.

Fayum ba ta dogara da ruwan sama ba. Rayuwarta tana rataye ne ga wani reshe na Kogin Nilu da ake kira Bahar Yusuf, wanda al'adar mutanen wurin ke dangantawa da Annabi Yusuf (A.S.). Abin da ya rage daga ban ruwan gonaki yakan gangara cikin Tafkin Ƙaruna, wanda Girkawa suka sani da sunan Moeris. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sarakunan Girkawa da ke mulkin Masar, musamman Batlamiyus na Biyu, suka rage ruwan da ke shiga tafkin, suka haƙa magudanai, suka zaunar da tsofaffin sojoji da manoma a kan ƙasar da ta fito.

Zangonmu na farko shi ne Kom Aushim, kufan garin Karanis, ɗaya daga cikin garuruwan da aka kafa a wancan zamani. Masana daga Jami'ar Mishigan ta Amurka sun yi tono a nan daga 1924 zuwa 1935, suka sami gidajen tubali, da manyan rumbunan alkama, da ɗimbin takardun haraji. Daga nan sai mu kutsa hamada zuwa Dime, arewa da tafkin. Sunanta na Girkanci yana ɗauke da kalmar "tsibiri", alhali kuwa a yau kusan kilomita 3 na busasshiyar ƙasa ne tsakaninta da ruwa. Ganuwar ɗakin bautarta tana nan tsaye, amma tun ƙarni na 3 na Miladiyya mutanenta suka watse.

To, me ya watsa irin waɗannan garuruwa? Takardun wani ƙauye mai suna Tiyadelfiya, a yammacin Fayum, sun ba mu haske. Wajen shekarar 332, wasu mutum uku suka kai kuka ga gwamnan Masar cewa su kaɗai suka rage suna biyan harajin ƙauyen, domin waɗanda ke gaba da su a kan magudanar suna tare ruwa. Jama'a, ba mayaƙa suka ci ƙauyen nan ba. Ruwa aka hana shi, haraji kuwa ba a ɗauke masa ba.

Da la'asar sai mu sauko bakin tafkin. Yana kwance fiye da mita 40 ƙasa da fuskar teku, ba shi da mafita. Ruwan gonaki yana shiga da gishirinsa, rana tana shanye ruwan, gishiri yana zaune. Sannu a hankali yawancin kifayen kogi suka ɓace, har aka kawo na teku aka zuba a madadinsu.

Ga mu nan da ke noman rani a Kadawa da Bakolori, muke kuma kallon yadda Tafkin Chadi ya ja baya tun fari na shekarun 1970, wannan ba tatsuniya ba ce. Haƙa magudana aikin 'yan shekaru ne, amma yashe ta da raba ruwanta bisa adalci aikin kullum ne, kuma yana wuyan ma'aikacin da ke riƙe da littafin rabo. Idan na ƙarshen magudana ya kawo kuka, a saurare shi tun ƙauyensa bai zama kufai ba.

Allah ya sa mu dace.