Legas da Jirgin Cikin Gari: Daga Taragon 1902 zuwa Layin Marina

Da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa layin dogo daga Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 1901, sai suka tsayar da shi a Iddo, bakin ruwa. Ita kuwa hada-hadar kasuwanci da ofisoshin gwamnati duk suna tsallake, a kan tsibiri. Wannan ne ya sa a 1902 aka ɗora wani ɗan siririn dogo a kan gadar Carter, ƙaramin jirgi mai amfani da tururi yana jan taragu daga Iddo zuwa cikin gari. Ma'aikata da 'yan kasuwa sun hau shi har ƙarshen 1913, aka daina ɗaukar fasinja. Layin bai mutu nan take ba: an ci gaba da kwasar bayan gidan birni da shi cikin dare, ana kaiwa bakin teku, har 1933.

Daga nan birnin ya miƙa wuya ga mota. Matsalar Legas kuwa tun asali ta shimfiɗar ƙasa ce. Jama'a suna kwana a Agege da Mushin da Ajegunle, abincinsu yana tsibiri, tsakani kuma ruwa ne da 'yan gadoji. Da kuɗin mai suka shigo bayan yaƙin basasa, motoci suka yi yawa har gwamnati ta kafa doka a 1977: mota mai lambar mara ta shiga manyan tituna yau, mai lambar cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu, talaka ya ci gaba da cusa kansa a babbar motar haya ta molue, yana tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a kan aljihu, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran "Oshodi! Oshodi!"

Gwamna Lateef Jakande ya ga cewa faɗaɗa titi ba zai fitar da kitse daga wuta ba. A 1983 ya ƙaddamar da aikin Metroline, jirgin da zai tashi daga Marina ya bi ta Yaba ya dangana da Agege, tare da wasu kamfanonin Faransa. A ƙarshen shekarar sojoji suka kifar da gwamnatin Shehu Shagari, kuma a 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke kwangilar. Gaskiya ne baitulmali ya yi ƙasa a lokacin, farashin mai ya faɗi, bashi ya yi katutu. Amma sokewar ma ba kyauta ba ce, domin miliyoyin daloli sun salwanta ba tare da ko tarago ɗaya ya motsa ba. Alƙahira, wadda ita ma ta haɗa kai da Faransawa a waɗannan shekarun, ta buɗe layinta na farko a 1987.

Legas ta samu gada ta uku a 1990, doguwa mai kusan kilomita 12. Ba a daɗe ba ita ma ta cika. Abin da masu goyon bayan jirgi suke ta faɗa ke nan: sabon titi motoci yake kirawo wa kansa, alhali jirgi ɗaya yana kwashe mutanen da sai danfo da dama za su ɗauka, kuma ba ya tsayawa a gosulo tunda hanyarsa tasa ce shi kaɗai.

A 2002, zamanin Gwamna Bola Tinubu, aka kafa hukumar LAMATA don tsara sufurin birnin. Ta fara da manyan motocin BRT a 2008, sannan aka ba kamfanin CCECC na China aikin layin da ake kira Blue Line. An yi ta ɗage ranar kammalawa har mutane suka daina lissafi. A Janairun 2023 aka yi bikin buɗe zangon farko, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, da tashoshi biyar. Wanda ya yanke ƙyallen kuwa shi ne Shugaba Buhari. Fasinjoji suka fara hawa a Satumba, suna biya da katin Cowry, jirgin yana bi ta saman ruwa kusa da Marina.

Layi na biyu, Red Line, an buɗe shi a 2024, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana bin tsohuwar hanyar dogon da ke zuwa Kano. Taragunsa na Talgo daga Milwaukee ta Amurka aka sayo su, waɗanda jihar Wisconsin ta yi oda sannan ta fasa. Yana tsayawa a Ikeja da Oshodi da Yaba, da kuma Agege, inda Hausawa fataken goro suka kafa zango tun da daɗewa. Bai kai Marina ba tukuna, haka shi ma Blue Line da sauran aiki kafin ya isa Okokomaiko, inda aka tsara zai ƙare.